Daga Dorugu Zuwa Yaran Abeche: Tarihin Dillancin Riƙon Ƙetare

Duk wanda ya tashi a Achika ya san hanyar karar Wudil ranar Juma'a, ko da bai taɓa mallakar ɗan maraƙi ba. Ya kuma san ba a cinikin sa baki da baki tsakanin mai kaya da mai saye, sai an sa dillali. Mutane kan ɗauka aikin dillali ya tsaya ga daidaita farashi da karɓar la'ada, alhali babban nauyin da ke kansa shi ne shaidar asalin dabba. Ya san wanda ya kawo ta, ya san rugar da ta fito, in kuma gobe aka zo cigiya aka ce ta sata ce, wuyansa za a fara kamawa. Da wannan hoton a zuciya nake son a karanta tarihin ƙungiyoyin da ke shiga tsakani wajen ɗaukar yaro daga wata ƙasa a kai shi wata, a ba wasu mutane ya zama nasu. Kada a ce na haɗa ɗan Adam da dabba. Ba ni na fara yanka wa abin farashi ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin ba da ɗa. Ɗan fari, wanda uwa ke kunyar ko ambaton sunansa, sau da yawa tun daga ranar yaye ɗakin kaka yake komawa. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta kan ɗauki 'ya sukutum ya damƙa mata, ta riƙe, ta yi mata kayan ɗaki, ta kai ta gidan miji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar. A duk wannan kai-kawo, sunan uba ba ya motsi. Ɗan riƙo ya san gidansu, unguwa ta san gidansu, ranar ɗaurin auren 'yar riƙo kuma sai an nemo waliyyinta. Musulunci ya zo ya ƙara wa wannan ƙarfi. Zaidu ɗan Harisa, wanda aka daɗe ana kira da sunan Manzon Allah (SAW), an mayar masa da sunan mahaifinsa bayan saukar ayoyin farkon Suratul Ahzabi. Daga nan malamai suka rarrabe kafala, wato ɗaukar nauyin yaro, wadda lada ce babba, da tabanni, wato mayar da ɗan wani naka har ya ɗauki sunanka ya gaje ka, wanda aka hana. Mai son ɗan riƙonsa ya samu wani abu sai ya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Abin da ƙungiyoyin Turai da Amurka ke shiryawa tabanni ne cikakke. Kotu kan yanke duk wata alaƙa tsakanin yaro da waɗanda suka haife shi, a buga masa sabuwar takardar haihuwa da sunan sababbin iyaye. Rabin baƙin cikin da ke cikin wannan tarihi ya faro ne daga nan: uwa ta dangwala yatsa tana nufin riƙo, takardar da ke gabanta tana cewa tabanni.

Tun kafin a san wata ƙungiya, an taɓa kai ɗan Hausa Turai. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Aka kama shi a hari, aka bi da shi hannu-hannu har Kukawa, inda wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a gaɓar Tafkin Chadi a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega, ɗan ƙabilar Margi, suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Suka bi shi Katsina, Sakkwato, har Tambutu, suka dawo ta Kano, suka ƙetare Sahara, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855. Barth ya shirya mayar da su gida. Wani ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ke fama da nazarin Hausa ba tare da mai magana da ita a kusa ba, ya shiga tsakani ya riƙe su a gidansa, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Aka yi musu baftisma, Dorugu ya zama James Henry. Daga bakinsa Schön ya kwashi labarai da tatsuniyoyin da suka cika littafin Magana Hausa na 1885. Abbega ya dawo da wuri, daga baya har ya yi sarautar Lokoja. Dorugu sai 1864 ya dawo, ya yi tafinta, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a can a 1912. Turawa biyu sun yi jayayya a kan inda yaron zai zauna, kowanne da hujjarsa, kowanne kuma da buƙatarsa. Ko ɗayansu bai aika Dambanas neman izini ba.

Da Turawa suka ci ƙasar, abin ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma na hukuma. Gwamnatin Lugga ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru da wani a Barno, inda ake tara yaran da aka ƙwace daga hannun fataken bayi. Waɗanda ba a gano garinsu ba, ana rarraba wasu ga 'yan mishan da gidajen da aka yarda da su. A 1909 ƙungiyar mishan ta SUM, wadda Karl Kumm ya kafa, ta buɗe nata gidan a Rumasha a bakin Binuwai, ta karɓi yaran Zungeru. Nan ne aka fara ganin siffar da za ta daɗe: rajista, lamba, sabon suna, da wani ofis da ke yanke wa yaro inda zai tashi. A nan kuma tsoron da mutanen Arewa ke yi wa gidan marayu na baƙi ya samo tushe, don galibin yaran da suka shiga sun fito da wani addini.

Sana'ar kanta a Koriya aka haife ta. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, wani manomi daga jihar Oregon ta Amurka, Harry Holt, da matarsa Bertha suka ɗauko yara takwas a 1955, bayan majalisar dokokin ƙasarsu ta yi musu doka ta musamman. Shekara ta zagayo suka kafa ƙungiya, suka fara kwaso yara jirgi-jirgi, iyayen da za su karɓa ba sai sun taka Koriya ba. Yaƙi ya ƙare, ƙasar ta yi arziki, jiragen ba su tsaya ba, har adadin yaran ya kai kimanin 200,000. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta Koriya ta Kudu ta tabbatar da abin da yaran, waɗanda yanzu sun yi furfura, suka daɗe suna faɗa: an rubuta yara masu iyaye a matsayin tsintattu, an musanya sunan wani da na wani, gwamnati kuma ta kawar da kai.

Najeriya ta tsallake wannan rami sau ɗaya, kuma ya kamata a riƙa tunawa. A lokacin yaƙin basasa, ƙungiyoyin agaji sun kwashe yara kimanin 5,000 daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kodebuwa da tsibirin Sao Tome don a cece su daga yunwa. Da yaƙi ya ƙare a 1970, gwamnatin Gowon ta dage sai an dawo da su, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga tsakani, aka dawo da mafi yawansu a ƙarshen 1970 da farkon 1971.

Sauran ƙasashe ba su yi wannan sa'a ba. Kasuwar takan yi ƙaura ne kamar makiyayi: in an rufe nan, ta buɗe can. Daga Koriya zuwa Biyetnam, zuwa Romaniya bayan faɗuwar Ceausescu a 1989, zuwa Rasha da Sin, zuwa Gwatamala, inda a wani lokaci kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari da aka haifa Amurka yake tafiya. A 2004 abin ya kai ƙololuwa, yara wajen 45,000 a duniya, kusan 23,000 daga ciki Amurka suka nufa. Da waɗancan ƙofofi suka fara rufewa, ido ya juyo Afirka, musamman Habasha.

Adalci ne a faɗi aikin da ƙungiya ta gari ke yi, don yana da yawa. Takan aika ma'aikaci gidan masu neman yaro ya ga inda zai kwana, ya bincika lafiyarsu da abin hannunsu da ko sun taɓa laifi. Takan koyar da su yadda ake zama da yaron da ya sha wuya. Takan haɗa takardu, ta bi kotu da ofishin jakadanci, bayan tafiya kuma ta riƙa aiko rahoton halin da yaron ke ciki. Akwai yara masu ciwon zuciya ko nakasa da suka rayu ta wannan hanya, da an bar su a gidan marayu da sun daɗe da mutuwa. Yarjejeniyar Hague ta 29 ga Mayu 1993 ta zo ta shimfiɗa ƙa'ida: kowace ƙasa ta naɗa hukuma ɗaya mai kula da lamarin, ƙungiya ba ta aiki sai da lasisi kuma ba don riba ba, ba a sayen yardar uwa da kuɗi, ba a kuma fitar da yaro sai an nemi mai riƙe shi a ƙasarsa an rasa. Sai dai ƙa'idar ba ta taɓa gyara inda gizo ke saƙa ba. Mai biyan ƙungiya shi ne mai neman yaro, kuɗin kuma dubban daloli ne a kan kowane kai. Dillalin kara, in ya yi ƙarya a kan asalin sa, mai shi na iya iso shi kafin la'asar. Uwar da ke wani ƙauye a Habasha ba ta da hanyar iso kowa.

Abin da ya faru a Abeche, a gabashin Chadi, shi ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi tona asirin yadda ake ƙera maraya. Wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé, ƙarƙashin Éric Breteau da Émilie Lelouch, ta yi shela a intanet cewa za ta ceto marayun Darfur. Iyalai ɗaruruwa a Faransa suka zuba kuɗi, kowanne dubban yuro. Ƙungiyar ba ta da lasisin wannan aiki, gwamnatin Faransa ma ta ja kunnen mutane a kanta. A Chadi ta shiga da wani suna daban, ta ce asibiti da makaranta ta zo yi. Ta sa 'yan ƙasa suka zaga ƙauyukan Adre da Tine na bakin iyaka suna karɓo yara. Ka auna abin da idon mutumin karkara: baƙi sun zo da motoci da magani, wani wanda ka sani ya ce za a sa ɗanka a makaranta a cikin gari, za a ci da shi, kana iya zuwa ka gan shi. Wane uba ne a Achika bai taɓa ba da ɗa a kan magana irin wannan ba? Haka muke ba malami almajiri.

Ranar 25 ga Oktoba 2007, da asuba, jami'an Chadi suka tare ayarin a hanyar filin jirgin Abeche. Yara 103, maza 82 mata 21, an naɗa wa wasu bandeji alhali ba rauni a jikinsu, don a ce marasa lafiya ne za a fitar. Jirgin haya na jira, iyalai kuma sun taru a filin jirgin Vatry a Faransa. Da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira da Red Cross suka zauna da yaran, 91 suka ce suna da babba aƙalla ɗaya da suke kira uwa ko uba. Galibinsu ma 'yan Chadi ne. Shugaban Faransa Sarkozy ya taso da kansa zuwa Njamena ranar 4 ga Nuwamba ya tafi da 'yan jarida da wasu ma'aikatan jirgin. Ranar 26 ga Disamba kotu ta ɗaure Faransawa shida shekara takwas-takwas da aiki mai tsanani, ta kuma ce su biya diyyar sefa biliyan 4.12, wato miliyan 40 a kan kowane yaro. Bayan kwana biyu kacal aka mayar da su ƙasarsu, a ƙarshen Maris 2008 shugaban Chadi Idriss Déby ya yi musu afuwa. Yaran kuwa sun shafe kusan wata biyar a gidan marayun Abeche kafin a fara mayar da su gida, shekaru bayan nan kuma iyayensu na ta kukan ba su ga diyyar ba.

A Mali an yi irin wannan cikin ruwan sanyi, da takardu da hatimi. Dokar ƙasar ta san wani nau'i mai kama da riƙonmu, wanda ba ya yanke zumunci. A watan Yuni na 2020 wasu mutum tara da aka kai Faransa suna ƙanana ta hannun ƙungiyar Rayon de Soleil de l'Enfant Étranger suka shigar da ƙara a Paris, suna cewa an gaya wa iyayensu karatu za su je su dawo, can kuma aka mayar da su 'ya'yan wasu har abada.

Inda babu ƙungiya mai lasisi kuma, buƙatar ba ta mutuwa, ta bayan gida take bi. A 2014 Yamai ta girgiza da shari'ar jariran da aka ce an sayo daga gidajen haihuwa na ɓoye a kudancin Najeriya, aka bi da su ta Benin, matan manya suka dawo da su a matsayin sun haifa. Mutum wajen talatin aka tuhuma, har da shugaban majalisar dokokin Nijar na lokacin, Hama Amadou, wanda aka yanke wa shekara ɗaya a Maris 2017, shi kuwa ya dage cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin ƙaryar. Macen da a da za a ba ta 'yar ɗan'uwa ta riƙe da alfahari, yau gorin kishiya da dangin miji ya kai ta ga cikin ƙarya. Sai kuma namu na gida. A Oktoba 2019 'yan sandan Kano suka dawo da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Yankaba da Dakata aka sayar a Onitsha, an canja musu suna, wasu Hausar ma ta gudu daga bakinsu. Gwamna Ganduje ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, a Yuli 2021 kuma babbar kotun Kano ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin masu satar, shekara 104. Waɗannan ɓarayi ne, ba su da haɗi da masu lasisi, amma kasuwar da ta ba su ciniki ita ce dai waccan.

Kada mu wanke kanmu tas. Riƙonmu ma yana da masu yi masa riƙon sakainar kashi. Akwai matan da sana'arsu ke nan, su kwaso 'yan mata daga ƙauyuka su rarraba gidajen birni aikatau, su riƙa karɓar kuɗin wata. Jaririn da aka tsinta a kango, bayan an kai shi wurin mai unguwa, a wuce da shi ga dagaci da hakimi har ya dangana da gidan yara na Nasarawa, yakan tashi da tabon da ba shi ya jawo ba, ranar neman aure a ce tsintacciyar mage ba ta mage. Ƙungiyoyin Turai sun yi ɓarna da takarda, mu kuma rashin takardar ke cutar da mu, don yaron da ba a yi wa rajistar haihuwa ba ya fi kowa sauƙin ɓata.

A yau ƙofofin rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Majalisar Habasha ta haramta abin a Janairu 2018, bayan mutuwar wata yarinya, Hana Williams, a hannun waɗanda suka ɗauke ta a Amurka a 2011. A 2024 ƙungiya ɗaya tilo da ta rage a Denmark ta naɗe tabarmarta, Holan ta daina karɓar sababbin masu nema, Sin ma ta rufe. Yaran da suka shiga Amurka ta wannan hanya a 2023 ba su kai 1,300 ba. Nijar ta shiga yarjejeniyar Hague a 2021. Najeriya ba ta shiga ba, dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 kuma ta ce sai ɗan ƙasa ne zai ɗauki yaro, shi ya sa galibin masu fitar da yara daga nan 'yan Najeriya ne mazauna waje. Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a Mayu 2023. Ita kuwa Birtaniya, tun 12 ga Maris 2021 ta dakatar da karɓar yara daga Najeriya ta wannan hanya, ta ce takardunmu ba abin dogaro ba ne, ga cin hanci, ga safarar yara.

Wanda wannan rufewa ta fi matsa, abin mamaki, shi ne mai riƙo na gaskiya. A ce wani ɗan Achika yana aikin asibiti a Ingila, ƙaninsa ya rasu ya bar yaro ɗan shekara shida. Ranar sadakar bakwai dangi suka zauna a zaure suka ce, "To, Baffa, ga ɗanka nan." A wurinsu magana ta ƙare, ga dagaci ga liman sun shaida. A ofishin biza kuwa ba a ma fara ba. Za a tambaye shi takardar haihuwa, da takardar mutuwar uba, da yardar uwa a rubuce, da hukuncin kotu, da hujjar cewa duk faɗin dangi ba mai iya riƙe yaron a gida. In ya nemi bin hanyar da dokarsu ta fi ganewa, sai ya roƙi kotu ta rubuta cewa yaron ya tashi daga ɗan ƙaninsa ya zama nasa, abin da limamin da ya yi addu'ar ba zai sa masa albarka ba. Galibi yaron yakan zauna ɗakin kakarsa, a sa shi islamiyya da firamare, Baffa ya riƙa turo kuɗin makaranta ta waya duk ƙarshen wata.